Darasi na 9: Dabarun Cin Dara

Dara wasa ce ta mutum biyu da ake yi bi da bi, wato ɗan wasa yana motsa ɗa guda ɗaya sannan ya dakata har abokin karawarsa ya motsa nasa, kuma ba a jefa ƙuri'a a cikinta, ba a ɓoye komai a hannu, domin duk abin da kowannensu ya mallaka a shimfiɗe yake a ƙasa gaban idon 'yan kallo. A yammacin Jihar Zamfara, daga Anka da ƙauyukanta irin su Sunke da Bagega har zuwa Bukkuyum da Gummi, kasuwarta tana ci ne da rani, bayan hatsi ya shiga rumbu, lokacin da magidanta kan samu sararin zama a inuwar dogonyaro ko ta tsamiya. Maƙwabtan yankin ta kudu, wato Dakarkarin ƙasar Zuru a Jihar Kebbi, sun yi suna a kanta, har ma marubucin nan na Ingila, R. C. Bell, da sunansu ya gabatar da ita ga Turawa a littafinsa na wasannin al'ummomin duniya wanda ya fito a 1960. Zabarmawan Nijar ma suna yin irinta, suna kiranta dili. Sunan dara yana hawa kan wasa fiye da ɗaya a ƙasar Hausa, har da mai gida 12 wadda ake kwasar 'ya'ya ana rarraba su gida-gida, amma wadda ake nufi a nan ita ce mai gida 30.

Ɗan kallo yakan ɗauka cewa gwanin dara shi ne mai saurin hango ci, alhali kuwa mafi yawan wasanni ana gama su ne tun wajen zuba 'ya'ya, kafin a motsa ko ɗaya, kuma abin da ke biyo baya girbin abin da aka shuka ne kawai.

Fili da ƙa'idoji

Ana haƙa gidaje 30 a ƙasa, layi 5, kowane layi da gida 6, kowane ɗan wasa kuma yana riƙe 'ya'ya 12. Don kada a rikice, ɗaya yakan ɗauki tsinkaye ko guntayen kara, ɗayan ya ɗauki duwatsu ko ƙwallon dabino, saboda haka za a riƙa kiransu mai tsinke da mai dutse. Wasan yana da mataki biyu. Na farko shi ne zubi, inda kowa ke sa ɗa ɗaya a gidan da ya ga dama, bi da bi, har 'ya'ya 24 su ƙare, gidaje 6 su rage babu kowa a ciki. Na biyu shi ne tafiya, inda ake matsar da ɗa zuwa gidan da ke manne da nasa, gaba ko baya, dama ko hagu, ban da karkace, kuma ban da tsallake wani. Duk wanda tafiyarsa ta jera masa 'ya'ya uku a miƙe ya ci, wato zai cire ɗa ɗaya na abokin karawarsa daga fili, wanda kuma 'ya'yansa suka koma biyu an cinye shi, tunda biyu ba sa jera uku. Ke nan ana bukatar ci 10 kafin a tashi wasa.

Ƙa'idoji suna ɗan saɓawa daga majalisa zuwa majalisa, abin da ya sa ya kamata baƙo ya tambaya kafin ya zauna. Wannan darasi ya ɗauki huɗu: ba a jera uku a lokacin zubi, ba a jera huɗu a kowane lokaci, ba a cin ɗan da ke cikin ukun da suka riga suka jeru, kuma wanda layi ya zo kansa tilas ya motsa wani ɗa, ko da motsin zai cutar da shi. Ta biyu da ta huɗu su ne waɗanda sabon shiga ke rainawa, su ne kuma suka fi kayar da shi.

Domin a iya bin misalan da ke tafe, za a sa wa layukan haruffa daga arewa zuwa kudu, A, B, C, D, E, a kuma ƙirga gidajen kowane layi daga yamma zuwa gabas, 1 zuwa 6. Gidan A1 shi ne kusurwar arewa maso yamma, E6 ta kudu maso gabas, C3 da C4 kuwa su ne cibiya.

Darajar gidaje

Gidajen dara ba darajarsu ɗaya ba, kuma ana iya tabbatar da haka da lissafi mai sauƙi. Kowane layi mai gida 6 yana da wuri 4 da za a iya jera uku a cikinsa, layi 5 ke nan sun ba da 20. Kowane layi na tsaye mai gida 5 yana da wuri 3, guda 6 sun ba da 18. Jimilla hanyoyin ci 38 ne a filin gaba ɗaya. Gidan kusurwa yana cikin 2 kacal daga waɗannan hanyoyi, B2 yana cikin 4, B3 yana cikin 5, yayin da C3 da C4 kowannensu ke cikin 6. Haka batun yake wajen motsi: ɗan da ke kusurwa maƙwabta biyu gare shi, na gefe uku, na ciki huɗu, kuma gidajen ciki 12 ne, na gefe 14, kusurwoyi 4.

Wannan lissafi ne ya sa ake rige-rigen kama cibiya a farkon zubi, kuma daidai ne a yi hakan, sai dai yawan maƙwabta kaifi biyu gare shi. Gidan da mutum zai iya shiga ta fuska huɗu, abokin karawarsa ma ta fuska huɗu zai iya shigarsa. A wannan darasi za a kira kowane gida da ake bi a shiga wani gida ƙofa, domin ƙirga ƙofofi shi ne rabin dara. Cibiya ta dace da ɗan da ake so ya yi yawo ya tare nan ya tare can. Abin da ake so ya daɗe a tsaye kuwa, a gefe ake gina shi, inda ƙofofi ba su da yawa.

Zubi

Kuskuren farko da mai koyo ke yi shi ne ya jera 'ya'ya biyu ya zauna yana murna, bai tambayi kansa daga ina na ukun zai fito ba. Idan mai tsinke yana C2 da C3, gidan C4 kuma babu kowa, wannan jeri ba shi da amfani ta wannan fuskar sai in akwai wani tsinken a B4, ko D4, ko C5, wanda tafiya ɗaya za ta kai shi C4. Wannan ɗa na uku shi za a kira ɗan cike, kuma biyun da ba su da ɗan cike ba su isa su tayar wa kowa da hankali ba, har gwani yakan ƙyale su ya ci gaba da nasa gini, maimakon ya ɓata ɗa wajen toshe abin da ba ya cizo. Biyun da ke rabe, kamar C2 da C4 da gida buɗe a tsakaninsu, sun fi wuyar gani, don haka sun fi yaudarar mai gaggawa, amma ƙofofinsu biyu ne kawai, B3 da D3.

Kuskure na biyu ya fi zafi, domin mutum da hannunsa yake yi wa kansa. Wanda ke da B1 da B2, ya kuma sa wani ɗa a B4, yana da ɗan cike a C3, zai ga kamar ci ya zo, amma da zarar ya ɗaga na C3 zuwa B3 sai 'ya'yansa su zama huɗu a jere, abin da ƙa'ida ta hana. A nan 'yan kallo kan ce dara ta ci gida. Mafitarsa ta nan take ɗaya ce, ya shiga B3 da na B4 ɗin kansa. Gwanaye kan yi amfani da wannan ƙa'ida a matsayin makami, su bar wa abokin karawa gidan da ya yi kama da alheri, wanda in ya zuba a ciki zai kashe layinsa da kansa.

Sai kuma batun wanda ya fara. Tunda 'ya'ya 24 ne ake zubawa bi da bi, wanda ya fara zubi shi ne zai fara tafiya, na biyu kuma shi ke da ɗan ƙarshe. Daga nan lissafi biyu ke fitowa. Idan mai farawa ya kai ga ɗansa na ƙarshe yana da ci biyu a shirye a wurare daban-daban, ɗan ƙarshen abokin karawarsa ɗaya kawai zai toshe, don haka cin farko nasa ne. Idan kuma na biyu yana da ci ɗaya tak a shirye, bai tsira ba, domin mai farawa zai ci, ya kuma cire masa ɗan ciken ko ɗaya daga cikin biyun da ya jera. Sai in yana da ci biyu da ba su dogara da ɗa guda ba ne zai rama. Saboda haka, daga wajen ɗa na takwas zuwa sama, mai hankali yakan daina kallon inda 'ya'ya suke, ya koma kallon gidajen da suka rage a buɗe, yana tambayar kansa waɗanne 6 ne za su saura, kuma 'ya'yan wa ke kewaye da su. Wanda aka gama zubi 'ya'yansa suna nesa da waɗannan gidaje 6, yana da 12 a ƙirge, amma wataƙila uku ne kawai ke iya motsi.

Doki

Wanda ya jera uku ya ci, in yana son ya sake ci da wannan layi sai ya fitar da ɗa ɗaya, ya kuma mayar da shi a tafiya ta gaba, wato ci ɗaya cikin tafiya biyu, kuma a tsakani abokin karawa yana da damar faɗawa cikin gidan da aka bari. Doki shi ne tsarin da ke kawar da wannan jira: 'ya'ya biyu a layi ɗaya, wasu biyu a layin da ke manne da shi, da ɗa na biyar da ke kai da komo tsakanin gida biyu, duk inda ya sauka ya cika uku. Misalinsa mafi sauƙi shi ne tsinkaye a A1, A2, B1 da B2, na biyar kuma yana zirga-zirga tsakanin A3 da B3. In ya hau A3 layin A ya cika, in ya sauko B3 layin B ya cika, kowace tafiya da cinta. Huɗun da ke tsaye za a kira su ƙafafun doki. Dokin da aka kasa tarewa yana tashin wasa cikin tafiya 10 ko ƙasa da haka.

Ƙarfin doki yana ga yawan ƙofofin gidan da ake bari a buɗe. A misalin da ya gabata, lokacin da mai kai da komo yake B3, gidan A3 ƙofa ɗaya gare shi, wato A4, tunda arewa da shi babu gida, A2 da B3 kuma na mai dokin ne. Lokacin da yake A3 kuwa, gidan B3 yana da ƙofa biyu, B4 da C3. Mai doki yana cin ɗa ɗaya ne a kowace tafiya, don haka ƙofa ɗaya ba ta dame shi ba: duk wanda ya tsaya a bakinta shi zai cire. Ƙofa biyu ita ce matsala, domin in an tsaya a dukkansu, ya cire ɗaya, ɗayan ya shige. Da mai dokin zai sa ɗa na shida a C3, kowane gida ya koma ƙofa ɗaya ke nan, kuma babu sauran mai iya tare shi ta hanyar toshewa, ko da an yi ta turo 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya. Irin wannan doki da za a gina shi a layin B da C, gidajensa za su kasance da ƙofa biyu-biyu, sai an kashe 'ya'ya bakwai kafin ya samu tsaron da shida suka ba shi a gefe. Wannan ne dalilin da ya sa tsofaffin 'yan dara kan yi kamar sun sakar wa yaro cibiya, alhali suna can suna tara 'ya'ya a lungu.

Ba a barin mutum ya gina doki a fili yana kallo, saboda haka yawanci a toshe yake fitowa daga zubi, kuma yadda ake buɗe shi ya cancanci a bi shi daki-daki. A ɗauka mai tsinke yana A1, A2, B1, B2 da C3, mai dutse kuma ya toshe A3, yana da wasu a B4 da D3, sauran 'ya'yansu suna nesa, tafiya kuma ta mai tsinke ce. Zai ɗaga na C3 zuwa B3, layin B ya cika, ya cire dutsen da ke A3, sai ga doki ya buɗe. Abin da ido ke fara nuna wa mai dutse shi ne ya kai na B4 zuwa A4 don ya kusanci gidan da aka buɗe, wannan kuwa ita ce tafiyar da za ta kashe shi, domin mai tsinke zai riga shi hawa A3, ya ci, ya bar B3 babu dutse ko ɗaya a ƙofarsa. Tafiyar da ta dace ita ce ya bar na B4 inda yake, ya tura na D3 zuwa C3, gidan da mai tsinke ya tashi daga ciki. Yanzu ƙofofin B3 duka biyu suna hannunsa. Mai tsinke zai hau A3 ya ci na biyu, amma dutsen da ya rage zai faɗa B3, doki ya tsaya bayan hasarar 'ya'ya biyu maimakon goma. Darasin da ke ciki shi ne, mai tare doki yana nufar gidan da za a bari a tafiya ta gaba ne, domin wanda ke buɗe yanzu ya riga ya kuɓuce masa.

Idan ƙofofi sun gagara, saura magani ɗaya: mutum ya jera nasa ukun, ya cire ƙafa ɗaya. Tunda ba a cin ɗan da ke cikin uku, sai a nufi layin da ba a cike yake ba a wannan lokaci, wato in mai kai da komo yana A3, B1 da B2 ne a fili. Saboda wannan ne mai doki, duk daɗin da yake ji, ba ya ɗauke ido daga ɗan ciken abokin karawarsa.

Wanda ya kamata a ci

Ci yana da daɗi, shi ya sa hannu ke saurin kaiwa ga ɗan da ya fi kusa, amma zaɓen wanda za a cire tafiya ce ta biyu da aka ba mutum kyauta, kuma sau da yawa ta fi ta farkon nauyi. Wanda ke gaba a layi shi ne ɗan da zai ci mutum a tafiya mai zuwa, sai wanda ke tsaye a ƙofa, sai wanda ya fi kowa sararin yawo. Wanda ba a taɓawa shi ne ɗan da aka kulle ta kowace fuska, domin ba ya amfanar mai shi da komai, cire shi kuma yana buɗe gida, gidaje 6 su zama 7, wataƙila wasu biyu da ke maƙale a bayansa su samu hanya.

A nan ne ƙa'idar tilasta motsi ke aiki. Idan aka yi ta cire wa mutum 'ya'yansa masu yawo aka bar masa kullallu, za a kai lokacin da babu abin da zai iya motsawa sai ɗan da ya sa gadi a A3 ko B3, ya ɗaga shi da hannunsa yana sane da abin da zai biyo baya. Gwani yakan ƙirga tafiyar banza nawa ta rage masa, wato motsin da ba ya ɓata masa komai, nawa kuma ta rage wa abokin karawarsa, kuma wanda tasa ta fara ƙarewa shi ne zai buɗe ƙofa. Wasannin manya da yawa a kan wannan ƙirge suke ƙarewa, ba tare da wata dabara mai ban mamaki ba, abin da ya sa yara kan ce kallon darar tsofaffi ba daɗi.

Akwai ladabin zama da ke tafiya tare da wannan duka. Ɗan kallo ba ya nuna tafiya, wanda kuma ya ɗaga ɗa ba ya mayar da shi ya sake shawara. In yaro ne ke karawa da dattijo, iyakar abin da zai ce shi ne, “Baba, ai ka riga ka ɗaga,” shi ma da murya ƙasa-ƙasa. Malamai sun daɗe suna sukar dara idan ta kai ga shagaltar da mutum daga salla ko aka sa kuɗi a kai, caca kuwa laifi ce a dokar Jihar Zamfara tun da aka fara aiki da shari'ar Musulunci a Janairun 2000.

Ƙasar da ake haƙa gidajen

Akwai wani abu da ya keɓanci Sunke da maƙwabtanta wanda bai kamata a tsallake ba, tunda da yatsa ake haƙa gidan dara, da hannu kuma ake juya duwatsunta. A 2010 ne ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano cewa gubar dalma ce ke kashe ƙananan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ciki har da Sunke, Abare, Dareta da 'Yargalma, sakamakon niƙa duwatsun zinari masu ɗauke da dalma a cikin gidaje, kuma yaran da suka rasu sun haura 400. An kankare saman ƙasar gidaje da dandali an zuba sabuwa, aikin da ya kai Bagega a 2013, amma duk inda aka ci gaba da niƙa ƙurar tana dawowa. Saboda haka ba a ɗaukar dutsen da ya fito daga ramin haƙar zinari a yi 'ya'yan dara da shi, ba a kuma haƙa gidaje kusa da wurin niƙa ko wurin wanki. Ajin da zai yi aikin wannan darasi ya zana gidajensa a kan katako ko kwali, ya yi amfani da murafen kwalba kala biyu, a kuma wanke hannu kafin a ci goro ko a ɗauki yaro.

Dara a kwamfuta

Irin tunanin da dara ke koyarwa shi ne ake bukata a wasannin yaƙi na kwamfuta da ake yi bi da bi, kuma misali ɗaya ya isa. Battle for Wesnoth wasa ne na kyauta da David White ya fara fitarwa a 2003, wanda aka gina a kan duniyar tatsuniya mai sarakuna da matsafa da dodanni, ana kuma bin labarinsa yaƙi bayan yaƙi, sojan da ya tsira a wannan ya samu ƙwarewa a sake kiransa a na gaba da zinari 20. Gidajen filinsa masu kusurwa shida ne, don haka kowane soja ƙofa shida gare shi, kuma aikin mai wasa shi ne ya jera mutanensa kafaɗa da kafaɗa yadda ba za a iya kai wa kowannensu sara ta fiye da ƙofa biyu ko uku ba.

A yaƙin farko na labarin da ake kira Heir to the Throne, rundunonin dodannin da ake kira Orc sun yi wa yarima Konrad da malaminsa Delfador ƙawanya a dajin mutanen da ake kira Elf, kuma sabon shiga yakan tsaya ya gwabza har a gama da shi, alhali abin da aka nema a wurinsa shi ne ya kai Konrad wata alama a arewa maso yamma kafin adadin tafiyar da aka ɗiba ya ƙare, ba tare da shi ko Delfador ya mutu ba. Wanda ya karanta sharaɗin nasara zai bar abokan ƙawance su riƙe dodannin, shi kuma ya bi ta cikin kurmi, inda damar samun sojan Elf da sara take kashi 30 zuwa 40 cikin 100, saɓanin kashi 60 a fili. Zai kuma lura da lokaci, domin yini da dare suna zagayowa cikin tafiya 6, dodannin kuma ƙarfin saransu yana ƙaruwa da kashi 25 cikin 100 da dare, ya ragu da kamar haka da rana. Wanda aka raunata a janye shi zuwa ƙauye, inda yake farfaɗowa da maki 8 a kowace tafiya. Bambancin da ke tsakaninsa da dara shi ne sa'a: a can sara yana iya kuskurewa ko da lissafi ya yi daidai, don haka ana barin hanyar ja da baya a kowane shiri, a dara kuwa wanda aka cinye ba shi da wanda zai ɗora wa laifi.

Aiki

Ɗalibai su kasu biyu-biyu, kowane rukuni ya zana fili ya rubuta a cikin kowane gida adadin hanyoyin ci da suka ratsa ta cikinsa, sannan a haɗa jimillar gidajen 30 a ga ko ta kai 114, a kuma bayyana dangantakar wannan adadi da 38. Bayan haka a jera tsinkaye a A1, A2, B1, B2, B4 da C3, duwatsu a A3, B5 da D3, tafiya ta mai tsinke. A faɗi wane ɗa ne ƙa'ida ta yarda ya shiga B3 da dalilin hana ɗayan, wane dutse ya kamata a fara cirewa, sannan mai dutse ya gwada duk hanyar da ya sani ta tare dokin. Daga ƙarshe a ƙara masa dutse ɗaya a A4, a sake bugawa daga farko, kowane rukuni ya kawo wa malami bayanin abin da ya canza.